Wasiƙa Ga Ɗan 'Yar'uwata Mai Neman Pho a Berlin

Ɗana,

 Mahaifiyarka ta shaida mini ka zauna daram a Berlin, karatu yana tafiya, har sanyin ma ka fara sabawa da shi. Alhamdu lillahi. Ta ƙara da cewa wai kukanka yanzu ba na tuwo ba ne, na pho ne, romon taliyar nan na mutanen Biyetnam da ka saba karyawa da shi lokacin da kake aiki a Hanoi. Wai duk gidan abincin da ka shiga sai ka fito kana girgiza kai, kana cewa ba na gaskiya ba ne. Ita abin dariya ta ɗauke shi. Ni kuwa na san harshe in ya saba da abu ba ya jin lallashi, shi ya sa na ce bari in rubuto maka abin da na sani.

Kafin ka sake ce wa na wani jabu, ka fara tambayar kanka na waɗanne mutane kake nema. Pho ba iri ɗaya ba ne, su kansu masu shi ba su gama musu a kansa ba. Kuma ba tsohon abinci ba ne yadda za ka zata. A farkon ƙarni na 20 ya bayyana a arewacin ƙasar, tsakanin Nam Dinh da Hanoi, zamanin mulkin Faransa. Kafin nan manomi a can bai cika yanka sa ba, don da shi yake huɗa. Da Turawa suka zo da kwaɗayin naman shanu sai yanka ya yawaita, tsoka ta tafi gidajen masu mulki, ƙashi da guntaye suka faɗo hannun 'yan talla, masu rataya tukunya da murhu a bakin sanda su saɓa a kafaɗa suna bin layi-layi. Na Hanoi har gobe bai bar wannan hali ba: romo garau, taliyar shinkafa mai faɗi, nama, lawashi, shi ke nan. In za a ƙara, to ɗan ruwan kal da aka jiƙa tafarnuwa a ciki, yankan barkono, da dogayen soyayyun ƙullin fulawa da ake tsomawa.

A 1954 yarjejeniyar Geneva ta raba ƙasar gida biyu, mutane kusan miliyan ɗaya suka tattara komatsansu daga arewa suka gangara kudu, har da tukwanensu. Kudu ƙasar ni'ima ce, ga ganye ga rake, mutanenta kuma suna son zaƙi a miya. Sai pho ya canza kama a Saigon. Romo ya ƙara zaƙi, kwano ya ƙara girma, aka soma kawo shi da faranti guda na ɗoɗɗoya da tsiron wake da lemon tsami, ga baƙar miyar waken suya mai zaƙi, ga jan yaji a kwalba. Mutumin Hanoi in ya ga haka sai ya ce an lalata abu, na Saigon in ya je Hanoi sai ya ce an yi masa rowa. Bayan Saigon ta faɗa hannun 'yan arewa ranar 30 ga Afrilu 1975, yawancin waɗanda suka tsere 'yan kudu ne, saboda haka nasu ne duniya ta sani, daga Little Saigon ta California zuwa gunduma ta 13 a Paris, har Cabramatta a Sydney. Ina kyautata zaton da yawa daga kwanukan da ka raina lafiyarsu ƙalau. Na kudu ne, kai kuma a arewa harshenka ya yi makaranta.

To kai Allah ya yi maka gyaɗar dogo, don Berlin tana cikin garuruwan Turai da na arewa ke da gindin zama. Jamus ta Yamma ta karɓi 'yan gudun hijirar kwale-kwale tun ƙarshen 1978, jirgin ruwan Cap Anamur ma ya tsamo sama da mutum 10,000 daga teku, kuma galibinsu 'yan kudu ne. Ita kuwa Jamus ta Gabas a 1980 ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Hanoi, aka riƙa kawo mata ma'aikatan kwantiragi, har suka kai kusan 60,000 a 1989, akasarinsu 'yan arewa. Da katangar Berlin ta faɗi masana'antu suka rufe, da yawa aka sallame su suka koma gida. Waɗanda suka jajirce suka tsaya sai suka kama sayar da tufafi da furanni da abinci a unguwannin gabas, Lichtenberg da Marzahn. Can naka yake, ba tsakiyar gari inda 'yan yawon buɗe ido ke cunkoso ba.

Ka hau jirgin kan titi mai lamba M8 zuwa titin Herzberg a Lichtenberg, za ka tarar da kasuwar Dong Xuan, wadda aka buɗe a 2005 aka raɗa mata sunan babbar kasuwar nan ta Hanoi da ka sani. Dogayen rumfuna ne marasa kyan gani, cike da dilolin kaya da shagunan aski da na kayan miya, gidajen abinci kuma a tsakankaninsu. Kada ka je ranar Talata, ba ta ci. In ka isa kada ka zauna a na farko da ka gani. Ka zaga, ka duba inda dattawan 'yan Biyetnam da masu shaguna ke zama cin na rana, ka duba me ke gabansu.

Takardar jerin abinci ma tana magana. A shekarun 1990 da yawa daga cikin 'yan Biyetnam da sunan abincin Sin ko na Thailand suka buɗe shago, don shi Bajamushe ya sani, daga baya suka ƙara da sushi. Saboda haka ganin waɗannan a takarda ba ya nufin mai girkin ba ɗan Biyetnam ba ne. Amma wanda ya raba hankalinsa kan abinci kala ɗari, da wuya ya samu lokacin tsayawa kan tukunyar ƙashi. Inda takardar ta fi gajarta, can na fi so ka fara.

In an dire maka kwano, kada ka yi saurin kai hannu ga lemo da barkono. Ka sunkuya ka shaƙa tukuna. Ƙamshin nama ya kamata ya fara dukan hancinka, sannan ƙauri-ƙaurin gasasshiyar citta da albasa, kayan ƙamshi su biyo baya a hankali. In kirfa ce ta yi maka sallama tun kwanon yana hannun mai kawowa, to an cika ta ne don a rufe ƙarancin ƙashi. Ka kalli ruwan: kana hango taliyar a ƙasa, da 'yan idanun mai suna yawo a sama? Sai ka kurɓi cokali biyu zalla. Romon da ya daɗe a wuta yana barin ɗan danƙo a leɓe, na ɓargo da jijiya, daɗinsa kuma yana zama a baki bayan ka haɗiye. Wanda aka dama da garin ƙunshi tsararo ne, gishiri a gaba, ƙishirwa a baya. Sannan ya zo da zafi sosai, yadda siririn yankan ɗanyen naman da aka shimfiɗa a sama zai dahu a gabanka.

Kada dai ka ɗauki farin magi a matsayin shaidar jabu. Kai da ka zauna Hanoi ka san yadda mai shago ke ɗiban ƙaramin cokalinsa ya zuba a kwano kafin romo, ba tare da ɓoyo ba. Laifin ba zuba shi ba ne, laifin a ce shi ya tsaya a madadin ƙashi. Taliya kuwa ka yi mata uzuri. Waccan da ka saba da ita ɗanya ce, a daren ake yinta a kai shaguna da asuba. A Turai yawanci busasshiya ake jiƙawa, ba za ta yi laushin waccan ba ko wa ya dafa.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wadda ita ce ma ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Pho na naman sa ne ko na kaza, wannan gaskiya ne, amma akwai masu haɗa ƙashin alade a tukunya don araha da ƙarin zaƙi, kuma ba za ka gane da ido ba. Ƙwallayen niƙaƙƙen naman da ake jefawa a wani kwanon ma wani lokacin gauraye ne. Ka tambaya kafin ka zauna, cikin ladabi, kai tsaye: da wane ƙashi aka yi romon? Matambayi ba ya ɓata. Maƙwabtan pho a takarda kuwa ka yi kaffa-kaffa da su. Bun bo Hue, duk da sunan naman sa da ke jikinsa, da ƙafar alade ake yinsa, sau da yawa har da daskararren jini. Hu tieu romon alade ne, bun cha gasasshen alade ne. Sai batun yanka, wanda kai ma ka san yawancin waɗannan shaguna ba daga mahaucin Musulmi suke sayen nama ba. Ba zan yi maka fatawa ba, ba fannina ba ne. Ka zauna da malamin da ka yarda da shi a can, ka ji hukunci, ka tsaya a kai. A Biyetnam ɗin ma akwai Musulmi 'yan ƙabilar Cham, musamman a lardin An Giang da Saigon, suna yin pho ɗinsu na halal, ba wanda ya ce ba pho ba ne.

Shi ya sa nake ganin ƙarshenta madafa za ka shiga. Mahautan Turkawa da Larabawa sun cika Neukölln da Wedding, ƙashin ƙafar sa kuma bai da tsada. Ka sayi kilo 2, ka haɗa da wutsiya ko ƙirji. Ka fara tafasa ƙashin minti 10, ka zubar da ruwan duka, ka wanke ƙashin da tukunyar tas. Nan mafi yawan masu koyo ke faɗuwa, suna ganin asara ce zubar da ruwan nama, alhali shi ke sa romo ya yi duhu da ƙarni. Ka zuba sabon ruwa lita 5. Ka gasa albasa biyu da citta mai kauri da ɓawonsu har su yi baƙi, ka kankare, ka jefa. Sannan ka rage wuta yadda ruwan zai riƙa motsi kaɗan-kaɗan ba ɓalɓala ba, kana kwashe kumfa, awa 6 ko fiye. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa; kai ƙashi kawai aka ce ka dafa.

Kayan ƙamshi sai a awar ƙarshe: kirfa sanda ɗaya, kanumfari huɗu, ɗan itacen nan mai siffar tauraro guda biyar, duk ka ɗan soya su a busasshen kasko kafin ka saka. Daga nan gishiri, ɗan sukari, da ruwan kifi. Shi wannan ƙananan kifayen teku ne da gishiri ake tsimawa wata da watanni, na tsibirin Phu Quoc ya fi suna. Kada warinsa a kwalba ya tsorata ka, halinsa ɗaya da daddawa, a hannu ta kore ka, a tukunya ta kira ka. Taliya dabam ake dafa ta, ba a cikin romon ba. Naman da za ka shimfiɗa ɗanye ka sa shi a firiza ya ɗan ƙanƙare, zai fi yankuwa siriri. Romon da ya rage ka raba a robobi ka daskarar, wahalar yini ɗaya ta ciyar da kai kwanaki.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kada in ji ka tsaya gaban wata baiwar Allah da ta baro ƙasarta tun kafin a haife ka, kana gaya mata girkinta ba na gaskiya ba ne. Ka ce na Hanoi ka saba da shi, ka roƙi a rage maka ganye a kawo ruwan kal da tafarnuwa. Sau da yawa daga nan hira ke ɓarkewa, a tambaye ka wace unguwa ka zauna, wane shago kake ci. In kuka saba, ka kai mata ɗan romon da ka dafa ta ɗanɗana, duk gyaran da ta yi maka ka rubuta.

Ka riƙa kiran mahaifiyarka, ta ce sai ta nema take jin muryarka.

Kawunka.