Makaho Zai Iya Karanta Ilimin Halayyar Ɗan Adam?

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce ƙanenta makaho ne, shin zai iya karanta ilimin halayyar ɗan Adam har ya samu aiki?

To Malama, zai iya, domin jigon aikin sauraro ne da fahimta. Tun 2017 hukumar JAMB ke shirya wa makafi jarrabawa ta musamman, kuma Jami'ar Jos na koyar da fannin. Dokar kare haƙƙin nakasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta buƙaci hukumomin gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Cikas ɗin shi ne ƙarancin littattafan makafi da kwamfuta mai karanto rubutu. Ku nemi waɗannan a rubuce daga jami'ar tun kafin ya fara karatu.