Naman Layya, Guzurin Hanya Da Tafiyar Ƙafa

Darasinmu na wannan mako ya shafi ciki ne, domin a kwanakin Babbar Sallah abu uku kan haɗu wa mutum ɗaya: cin abinci a gidajen dangi, da doguwar tafiya a mota zuwa garin haihuwa, da kuma yawon ƙafa, ko na ziyara ko na hawan duwatsu irin wanda samari suka ɗauka yanzu. Kowanne daga cikin ukun nan da irin cin da ya dace da shi, kuma yawancin ciwon ciki da kasalar da akan yi fama da su bayan Sallah daga cuɗanya su suke tasowa.

Kada wani ya zaci za mu hana shi cin nama. Shari'a da kanta ta haramta azumi a ranar Idi, kuma Imam Muslim ya ruwaito cewa kwanakin tashriƙ na ci ne da sha da ambaton Allah. Amma aya ta 31 ta Suratul A'arafi, wadda ta halatta ci da sha, ita ce kuma ta hana israfi, watau ƙetare iyaka. Inda wahalar take shi ne mutum ya ci tuwon Sallah a gidansa, ya je gaida gwaggonsa a ajiye masa waina da miyar taushe, ya wuce gidan kawunsa a kawo soyayyen nama, ga gidan surukai kuma yana jiransa da yamma. Ƙin ci raini ne a al'adarmu, cinyewa duka kuwa cuta ce. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba da Tirmizi ya ruwaito ya raba ciki kashi uku, ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. To, wanda ya san gida biyar zai shiga a yini ɗaya, sai ya raba kason abincinsa a kan gidajen biyar tun daga na farko. Loma uku ko huɗu da sa albarka sun isa biyan haƙƙin mai gida. Masu gida su ma da nasu laifin, don matsa wa baƙo da rantsuwa sai ya cinye kwano ba karamci ba ne. Ya fi kyau a ƙunsa masa ya tafi da shi.

A nan ina son ɗalibai su lura da kalmar tashriƙ. Da yawa daga malaman lugga sun ce asalinta shanya nama a rana, domin a kwanaki ukun nan na bayan Idi ne Larabawa kan yanyanka naman hadaya su baza shi ya bushe. Ashe tun daga sunan kwanakin an nuna mana cewa ba a yanka ragon don a cinye shi a zama ɗaya ba. Gaskiya ne akwai shekarar da Manzon Allah (S.A.W.) ya hana ajiye naman layya fiye da kwana uku, saboda waɗansu matalautan ƙauye da suka kwararo Madina, amma daga baya ya bayyana dalilin hanin, ya kuma yi izini a ci, a ciyar, a ajiye. Sauban, bawansa da ya 'yanta, ya faɗa cewa Annabi ya yanka layyarsa ya umarce shi ya gyara naman, kuma bai gushe ba yana ciyar da shi daga gare shi har suka iso Madina. Naman biki ya zama guzurin hanya ke nan.

Kakanninmu sun riƙe wannan hikima. Kilishi da dambun nama da naman da aka soya ya ƙafe, duk dabarun matafiya ne. Alhazan da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya a ƙafa, abin da suka riƙe a jaka busasshe ne, wanda rana ba ta ɓata shi. Kalmar sufra ma, wadda Larabawa ke kiran shimfiɗar abinci da ita, asalinta abincin matafiyi ne. Ibn Abbas kuwa ya ce aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka ne game da waɗansu mutanen Yaman da kan zo aikin hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, sa'an nan su ƙare da roƙon mutane a Makka, sai aka umarce su da yin guzuri.

Wanda zai taso daga Legas zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 1,000, ya kamata ya yi tunanin abin da zai zuba a jakarsa. Dafaffiyar shinkafa da miya, ko fura da aka dama da nono, ba sa jure zafin mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba sanyi, domin ƙwayoyin cuta kan hayayyafa a cikinsa ko da ɗanɗanonsa bai sāke ba. Dabino da gyaɗa da ƙuliƙuli da dakuwa da ɗan kilishi sun fi aminci, tare da ruwa mai tsabta. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne direba. Ya tsaya da azahar ya cika cikinsa da sakwara, sa'an nan ya koma kan sitiyari da rayuka goma sha a bayansa, alhali kowa ya san ƙoshi barci yake kawowa. Wannan ya wuce batun lafiyarsa, ya shiga batun amana.

Sauran tafiyar ƙafa. Ita ma tana da asali a ranar Idin kanta, domin an so a tafi masallacin Idi a ƙafa, a kuma dawo ta wata hanya dabam. Amma mai hawan dutse hukuncinsa ya saɓa wa na mai zaune a mota, gama shi ƙarfi yake kashewa, dole ya mayar. Annabi Musa (A.S.) ya ɗauki kifi a tafiyarsa ta neman ilimi, kuma aya ta 62 ta Suratul Kahfi ta nuna sai da gajiya ta same shi ya nemi yaronsa ya kawo abincin. A hijirar shekara ta 622 kuma, Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta raba ɗamararta biyu don ta ɗaure guzurinsu, kuma a darare ukun da suka yi a kogon Sauru madara Amiru ɗan Fuhaira yake kai musu.

Na taɓa raka ɗalibaina hawan Dutsen Kufena a Zariya kashegarin Sallah. Waɗanda suka karya da nama mai kitse kafin mu fita, su ne suka fara zubewa a tsakiyar hanya suna haki, ɗaya har ya yi amai. Wani kuma da ya ƙi cin komai don ya ji sauƙin jiki, jiri ya ɗebe shi dab da ƙarshe. Waɗanda suka kai sama lafiya kunu suka sha da asuba, suka riƙe dabino a aljihu suna ci kaɗan-kaɗan, suna kurɓar ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama su.

Batun ruwan nan ba na wasa ba ne. A hajjin shekara ta 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar alhazai fiye da 1,300, yawancinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙafa cikin tsananin zafi ba wurin fakewa. Saboda haka mai niyyar hawan Dala ko Kufena ko duwatsun Jos ya fita da sanyin safiya, ya sauko kafin rana ta take, ya ɗauki ruwan da ya fi abin da yake tsammanin zai sha. Alhazanmu kuma da kan nace sai sun hau Jabalun Nuri don ganin kogon Hira, su sani hawan ba ya cikin ayyukan hajji, kuma tsoho ko mai ciwon sukari da ya bar shi bai rage komai daga hajjinsa ba. Wallahu a'alamu.