Ɓarnar da ake yi wa busassun tsirran Mambila

Bishiyar Prunus africana, wadda ke tsirowa a dazuzzukan kan tsauni irin na Ngel Nyaki a Mambila ta Jihar Taraba, tana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin halittun da ke fuskantar barazana tun 1995, saboda yadda ake saɓe ɓawonta domin haɗa maganin kumburin furostet da ke hana dattawa fitsari. Shaidar inda ta taɓa tsirowa tana ma'ajiyar busassun tsirrai, inda ake manna reshe da furensa a takarda mai kauri, tare da ƙaramar takardar bayani mai ɗauke da wuri da rana da tsayin tsauni da lambar wanda ya tsinko.

Abin takaici shi ne halin da wasu takardu na wannan bishiya suka dawo a ciki, bayan an ba wani mai bincike aronsu bisa amana. Ya dawo da su cikin leda a tsakiyar damina, fumfuna ta riga ta kama ganyen. Ya tsinke furannin gaba ɗaya ya niƙa domin gwajinsa ba tare da neman izini ba, alhali gutsuren ganye ya wadatar, reshen da ya karye kuma ya liƙe shi da salatif, wanda gam ɗinsa ke cin takarda. Mafi muni, da ya ga rubutun wata tsohuwar takardar bayani ya dusashe, sai ya ɓamɓare ta ya jefar, ya buga sabuwa da kwamfuta ya rubuta Taraba kawai, kamar dai jihar da ta haɗa kwarin Binuwai da Chappal Waddi mai mita 2,419 wuri ɗaya ce. Da aka tuhume shi, cewa ya yi gyara ya yi.

Ba a cire takardar bayani ko da ba ta karantuwa, sai dai a ƙara sabuwa a gefenta. Ba a sa salatif. Samfurin da ya fita aro ba ya komawa kabad sai ya yi kwanaki a firiza domin kashe ƙwari, kuma malamin da ke tura ɗalibi ɗaukar aro ba tare da ya koya masa riƙon takarda ba, shi ma yana da kasonsa na laifi. Ba a cire takardar bayani, domin wancan reshen yana nan a kabad har yau, amma babu mai iya cewa daga wane kurmi ya fito, ko kurmin yana nan ko wutar daji ta cinye shi.