Hausar Gareji: Yadda Ake Gano Matsalar Fitilar Gargaɗi a Mota

Gabatarwa

A darasin walwalar harshe an koya mana cewa kowace sana'a tana da Hausarta, wato Hausar rukuni. Sai dai misalan da muke kawowa a aji ba su cika wuce na mahauta da maƙera da 'yan kasuwa ba. Wannan maƙala za ta leƙa gareji ne, ta tsaya a kan abu guda: yadda ake gano matsala idan fitilar gargaɗi ta kama a dashbod, wato allon da ke gaban direba. Na tattaro kalmomin daga bakin makanikai da masu aikin waya a Garam, garin da ke kan hanyar Bwari zuwa Sabon Wuse a ƙasar Suleja, inda ɗan Gbagyi da Bahaushe da baƙo ke daidaita kuɗin gyara da Hausa.

Fitila ce ta lalace ko mota?

Abin da na fara lura da shi shi ne, a gareji ba a cewa fitila ta kunnu. Direba zai ce, "Oga, motata ta kawo ceki," ko "ta kawo batir." Aikatau "kawo" ya mayar da fitilar tamkar 'yar aike mai ɗauke da saƙo. To, aikin riwaya, wato mai gyaran wayar mota, shi ne ya tantance ko saƙon gaskiya ne, ko kuwa 'yar aiken ce ba ta da lafiya.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. A murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba. Fitilun gargaɗi za su kama, su nuna suna raye. Da zarar inji ya tashi sai su mutu. Wadda ta ƙi kamawa tun farko, to ƙwanta ne ya ƙone, ko fiyus, ko waya ta tsinke, ko kuma wani ne ya cire ƙwan da gangan. Wannan na ƙarshe ya fi shafar mai sayen mota 'yar Baljiyam, domin akwai marasa tsoron Allah da ke toshe fitilar don ɓoye aibu. Wadda kuwa ta ƙi mutuwa bayan inji ya tashi, ita ce ake bi.

Launi ma magana ne. Kore da shuɗi sanarwa ce kawai. Ruwan ɗorawa na nufin a je a duba. Ja kuwa, a tsaya.

Jar fitila mai siffar buta ita ce ta baƙin mai, kuma a ganina ita ce ba a wasa da ita. Ba yawan man take aunawa ba, ƙarfin da famfo ke tura shi take nunawa. Idan ta kama ana cikin tafiya, a kashe inji nan take, a zaro geji a duba. In mai ya ragu, a ƙara. In kuwa a cike yake, sai zargi ya rabu biyu: ko ɗan makunnin da ke kunna fitilar, wanda suke kira oyil-suwic, ko famfon man. Ƙwararre ba ya canke. Zai kwance makunnin, ya ɗaura agogon awo a gurbinsa. In agogo ya nuna ƙarfi, makunnin ne ya yi ƙarya, gyara mai araha. In bai nuna ba, kuma aka ci gaba da taka totur, nan da 'yan mintoci za a ji an ce "inji ya buga", kalmar da ke sa mai motar haya zufa ko da sanyin hunturu.

Fitilar batir kuma sunanta na yaudarar mutane, domin sau da yawa batir ba shi da laifi. Lafiyayyen batir na nuna kusan bolt 12.6 idan inji na kashe. Idan ya tashi, ya kamata awon ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, sai a duba altaneta da fambel.

Ceki da sikana

Fitilar ceki ita ce ke buƙatar na'ura. Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II ga motocin da ake sayarwa a can, Tarayyar Turai kuma ta bi da nata a 2001 ga masu shan fetur. Shi ya sa za ka tarar da soket mai rami 16 a ƙasan sitiyari. Nan ake jona sikana, ta karanto lambar da ƙwaƙwalwar mota ta ajiye. Lambar da ta fara da P ta shafi inji da giya. P0300 na nufin wuta na tsallake a silinda, wanda sau da yawa kan kai ga duba fulogi. Idan ceki tana ƙiftawa maimakon ta tsaya, tsallaken ya yi tsanani. P0420 kuwa tana nuni ga matatar hayaƙi da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira "indomi", saboda cikinta ya yi kama da taliyar Indomie.

'Yan'uwa ɗalibai, ku dubi waɗannan kalmomi da kyau. A birki da fulogi an saƙala wasali don raba cunkoson baƙaƙe, kamar yadda Hausa ta saba yi wa kalmomin aro. Indomi kuwa aro ne na kamance, irin wanda ya kamata masu nazarin ma'ana su bibiya. Sai aikatau "goge". Idan yaron gareji ya ce "na goge ceki", lambar ya share daga ƙwaƙwalwa, bai ce ya gyara ba. Muddin matsalar na nan, bayan 'yan tafiye-tafiye motar za ta sake kawo ta.