Kalsiyam: Mabuɗin Ƙofa Biyu Tsakanin Jijiya da Tsoka

Yawancin ɗalibai sun san sinadarin kalsiyam a matsayin abin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori. Gaskiya ne, domin kusan kashi 99 cikin ɗari na kalsiyam ɗin jikin ɗan Adam yana can ne. Amma ɗan abin da ya rage shi ne ke ba mutum damar ɗaga hannu, da ƙifta ido, da jan numfashi.

An fara gane haka a shekarar 1883 a birnin Landan. Wani likita mai suna Sydney Ringer yana ajiye zuciyar kwaɗo cikin ruwan gishiri, tana ta bugawa. Da aka haɗa ruwan gishirin da tataccen ruwa maimakon ruwan famfo, sai zuciyar ta daina aiki. Bincike ya nuna cewa kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan famfon ne sirrin.

To, yaya abin yake faruwa? Saƙo yana tasowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, ya gangaro cikin jijiya a matsayin ɗan motsin lantarki. Sai dai bakin jijiya bai taɓa tsoka ba. Akwai wata 'yar siririyar tazara a tsakaninsu, wadda sai an aika sinadari ya tsallake ta. A nan ne ƙofa ta farko take. Kalsiyam ɗin da ke wajen ƙwayar halitta ya ninka na cikinta kusan sau 10,000. Da isowar saƙon, sai wasu ƙananan kafofi su buɗe, kalsiyam ya kwararo cikin bakin jijiyar. Shigarsa ce ke sa wasu 'yan jakunkuna su zubo sinadarin asetilkolin cikin tazarar. Bernard Katz da Ricardo Miledi ne suka tabbatar da wannan a shekarun 1960.

Asetilkolin yana tsallakawa ya kama mazauninsa a jikin tsoka, wanda hakan ke tayar da sabon motsin lantarki. Nan kuma sai ƙofa ta biyu. A cikin kowane zaren tsoka akwai rumbun da ke tara kalsiyam. Motsin lantarkin na isa, rumbun ya saki ajiyarsa. Kalsiyam ya maƙale wa wani furotin mai suna turofonin, wanda Setsuro Ebashi na ƙasar Japan ya gano. Wannan ne ke buɗe hanya zaruruwan mayosin su kama na aktin su jawo su, tsoka ta ɗaure. Kafin ta sake, dole a mayar da kalsiyam rumbunsa, aikin da ke cin kuzari.

Sanin wannan yana bayyana abubuwan da ake gani yau da kullum. Dafin wasu nau'o'in gamsheƙa yana toshe mazaunin asetilkolin, saƙo ya kasa isa ga tsokar numfashi. Shi ya sa gaggauta kai wanda aka sara asibiti ke ceton rai. Haka kuma, bayan an yanka dabba kuzarin tsoka yana ƙarewa, kalsiyam ya tsiyayo daga rumbu, zaruruwan su kasa rabuwa, nama ya sandare.

Tambayoyi
1. A waɗanne wurare biyu ne kalsiyam ke aiki a wannan tafiya?
2. Me ya sa sakin tsoka ke buƙatar kuzari?