ASUWAKI SUNNA NE, AMMA BAN DA CUTAR DA DASASHI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya yi sammako a Haɗeja, ko a garuruwan fadama irin su Auyo da Guri da Kirikasamma, zai ga masunta da manoman rani sun nufi bakin kogi kowa da asuwaki a baki. Wannan al'ada ce kyakkyawa wadda addini ya yi horo da ita. Sai dai da yawa suna dirzar haƙora kamar mai wanke tukunya, har su tofar da jini, suna zaton alamar tsabta ce, wasu ma suna cewa mugun jini ne ke fita. Wannan kuskure ne, domin dasashi mai lafiya ba ya jini.

Hukuncin asuwaki sananne ne. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa, haka ma Buhari da Muslim, cewa gudun tsananta wa al'umma ne kaɗai ya hana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wajabta shi. A mazhabar Malikiyya yana cikin mustahabban alwala, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Ahalari, kuma littafin Risala ya nuna ko da yatsa aka yi ya wadatar. To, abin da aka sauƙaƙa saboda tausayi, ba daidai ba ne mutum ya mai da shi hanyar yi wa kansa rauni, alhali jiki amana ne.

Malaman farko ba su gafala daga wannan ba. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekarar 676 bayan Hijira, ya bayyana cewa an fi son itace matsakaici, ba busasshe ƙayau da zai yanki nama ba, ba kuma mai laushin da ba zai fid da dauɗa ba. Ya kuma so a bi faɗin haƙora, dalilinsa shi ne kada a fasa dasashi ya yi jini. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751, ya yi gargaɗi a cikin Zadul Ma'adi cewa wuce iyaka wajen guga yana iya gusar da ƙyallin haƙora. Likitocin yau suna hana yi wa haƙora gugar zarto, suna horon a karkata magogi wajen da haƙori ya haɗu da nama, a motsa shi kaɗan-kaɗan. Manufar duka ɗaya ce, watau a fid da dauɗa, a bar nama lafiya.

Dasashi nama ne siriri wanda ke rufe saiwar haƙori. In ana dirzarsa kullum, da farko zai yi ja, ya yi zafi, ya tsage. In aka daɗe a haka sai ya ja da baya, saiwa ta fito fili. Ita kuwa saiwa ba ta da farin rufi mai ƙarfi irin na kan haƙori, shi ya sa mai wannan lalura ke jin tsami in ya sha ruwan randa, ko iskar hunturu ta shiga bakinsa. Tsagewa tana warkewa, amma naman da ya ja baya ba ya tsirowa da kansa. Ba burushi kaɗai ke jawo haka ba. Binciken da likitocin haƙori suka wallafa daga Saudiyya a 1991 ya sami janyewar dasashi ta fi yawa ga masu asuwaki. Wannan ba aibu ba ne ga sunna, faɗakarwa ce ga hannun da ke riƙe da itacen, musamman mai yini yana guga saboda sabo.

Wanda ya riga ya ji wa kansa ciwo, ga abin da ya kamace shi. Na farko, ya ajiye burushi mai tauri ya nemi mai laushi. In itace ne, ko na darbejiya ko na marke ko na araki da alhazai ke kawowa daga Makka, ya ɓare bakinsa kamar tsawon gaɓar yatsa, ya jiƙa shi, ya tauna har ya yi laushi, ya riƙa yanke bakin da ya tsufa. Na biyu, ya narka rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ya kurkure baki sau biyu ko uku a yini, ya zubar. Na uku, ya ɗan huta da yaji da goro da taba da shan rake, ya yi hankali da ƙayar busasshen kifi. Na huɗu, kada ya goga gawayi ko toka ko kanwa, kada kuma ya ɗora ƙwayar asfirin a kan ciwon, don tana ƙona nama. Na biyar, kada ya daina tsabtace baki gaba ɗaya, gama dauɗar da ke taruwa a gindin haƙora ita ce babbar mai kumbura dasashi. Minti biyu, safe da dare, cikin natsuwa, sun isa. Tumatir da tattasai da gwaiba da lemo, waɗanda ba su da wuyar samu a ƙasar fadama, suna taimakon nama ya warke.

Game da ibada, jinin dasashi ba ya warware alwala a wajen Malikiyya, sai dai a tofar da shi, a wanke baki. Mai azumi yana iya asuwaki duk yini, amma an karhanta masa ɗanyen itace don kada wani abu ya wuce maƙogwaro. Mai ciwo kuwa, yatsa mai tsabta ya ishe shi lokacin alwala har ya sami sauƙi.

In jini ya wuce mako biyu, ko aka ga ruwan ɗiwa, ko haƙori na motsi, to lalle a tafi Babban Asibitin Haɗeja ko asibiti mafi kusa, domin ciwon sukari da juna biyu duk suna iya sa dasashi jini. Iyaye su ƙara sa ido ga yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Cutar nan mai cin naman fuska, wadda likitoci ke kira noma, daga kumburin dasashi take farawa, kuma tana kisa cikin ɗan lokaci. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Yaron da bakinsa ya yi wari, dasashinsa ya kumbura, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira.

Neman magani ba ya kore tawakkali, kuma ladan asuwaki yana ga niyya da bin sunna, ba ga ƙarfin damtse ba. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ƙara wa masu ita kiyayewa, amin. Allah ne Mafi sani.