Dubi Bayansa: Yadda Ake Gane Kifi, Daga Tarwaɗar Gusau Har Shak Na Teku

Da yawanmu sunan kifi biyu kacal muka sani. In yana da santsi, tarwaɗa. In yana da ɓawo, karfasa. Saura kuwa duk "kifi" ne, a soya a ba mu. Alhali Kogin Sakkwato da ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa ta Gusau da Bunguɗu, ya cika madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, ya wuce Argungu ya faɗa Kwara, ɗauke yake da kifaye iri-iri, kowanne da siffarsa da halinsa.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa? Akwai. Mu da ke shekarar ƙarshe ta difloma, in ka zauna hira da 'yan aji za ka ji kusan kowa na lissafin sana'ar da zai kama, kuma kiwon kifi na cikin waɗanda aka fi ambata. Mai kiwon da bai iya bambanta iri ba, kuɗin bashi zai zuba a ruwa. Ga kuma masu gwajin aiki a ɗakin gwaje-gwaje, inda malam zai ajiye maka kifi a faranti ya ce faɗi sunansa da dalili. Sannan akwai kifin da in ka kama shi da garaje, asibiti za a wuce da kai.

Dabarar da na fi amfana da ita a karatuna ita ce: kafin ka kalli launi, dubi bayan kifi. Launi yana yaudara, don ruwan laka da ruwan garai kan sauya shi, hayaƙin banda kuma ya shafe shi gaba ɗaya. Amma fiffiken da ke bisa gadon baya ba ya sauyawa. Daga nan sai ka duba fata, baki, wutsiya, sannan ka tambayi halinsa.

Masu santsi da gashin baki

Tarwaɗa, wadda littafin aji ke kira Clarias gariepinus, fiffikenta na baya guda ɗaya ne dogo, ya taso daga bayan kai ya tafi har dab da wutsiya ba yankewa. Kanta faffaɗa ne, gashin baki takwas, wutsiya zagayayyiya. A saman inda take shaƙar ruwa akwai wani nama mai rassa da take shaƙar iska da shi kai tsaye. Shi ya sa za ka gan ta a baho a kasuwa da ɗan ruwan da bai rufe ta ba, tun safe har la'asar tana motsi.

Ramboshi kamar yayan tarwaɗa yake, kuma a nan ne ake cutar sababbin masu kiwo. Bayansa kashi biyu ne: na gaba fiffike mai ƙasusuwa, na baya kuma dogon tsoka zalla ba ƙashi. Ramboshi ya fi tarwaɗa girma, amma ya fi ta jinkirin balaga. Akwai kuma ruwa biyu, wanda masu ƙyanƙyasa ke samu in sun haɗa ƙwan tarwaɗa da namijin ramboshi. Shi tsokar bayansa 'yar guntuwa ce. Yana da saurin girma, sai dai ba a son ajiye shi don iri.

Wani maƙwabcinmu a Damba ya taɓa biyan kuɗin 'ya'yan ruwa biyu, aka kawo masa tarwaɗa zalla a jarka. Bai farga ba sai da ya yi watanni yana zuba abinci. Da ya ɗebi guda goma ya sa a gorar ruwa mai haske, ya ɗaga ta saitin rana ya dubi bayansu tun ranar farko, da magana ta ƙare a nan. Wannan gwajin ba ya cin ko sisi.

Ƙurungu gajere ne, kansa kamar an sa masa hular ƙashi, wutsiyarsa a rabe biyu. Yana da ƙaya uku, ɗaya a baya, biyu a gefe, masu haƙora kamar zarto. In ya ji an taɓa shi sai ya miƙe su ya kulle, yana wata ƙara ƙiƙi-ƙiƙi. Sukarsa na da raɗaɗi ƙwarai, don haka ba a damƙarsa da tafin hannu. Wasu daga danginsa a rigingine suke iyo, suna kiwo a saman ruwa, shi ya sa cikinsu ya fi bayansu duhu.

Ragon ruwa shi ma wutsiyarsa a rabe take, amma jikinsa dogo ne, gashin bakinsa zara-zara, da babbar tsoka a bayan fiffike.

Minjirya kuwa ba ta da fiffike mai ƙashi a baya ko kaɗan, sai 'yar tsoka can kusa da wutsiya. Jikinta luƙui-luƙui, idanu mitsi-mitsi, da ɗigo-ɗigon baƙi. In ka ga haka a cikin koma, janye hannunka. Babbarta na iya sakin wutar da ta kai bolt 350, alhali wutar da ake kawo mana gida bolt 230 ce. Tata ba ta daɗewa, amma ta isa ta kayar da mutum a cikin ruwa.

Masu ɓawo

Karfasa, da wasu ke kira gargaza, rabin fiffiken bayanta na gaba ƙaya ne, rabin baya taushi. Ƙofar hanci ɗaya take da ita a kowane gefe, saɓanin yawancin kifaye masu bibbiyu. Ita ma iri-iri ce. Wadda aka fi kiwo, Oreochromis niloticus, wutsiyarta na da zane-zane a tsaye, kuma macen a baki take riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe. Akwai mai jan ciki, wadda ke yin gurbi a ƙasan ruwa, uwa da uba su tsaya gadi. Karfasa akwai haihuwa. In ka haɗa maza da mata a tafki ɗaya, za ka wayi gari da dubban 'yan ƙanana da ba sa girma. Saboda haka masu kiwo suka fi neman maza zalla. Juya cikin kifin ka duba: namiji ƙofa biyu gare shi, mace uku.

Giwan ruwa bakinsa wawakeke ne, haɓarsa ta ƙasa ta ɗan fito, idonsa na ƙyalli kamar na mage, bayansa kuma da wani loko tsakanin ƙayoyin gaba da fiffiken baya. Yana iya kai wa kusan mita 2 da kilo 200. Shi ne abin farautar masunta a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, UNESCO kuma ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016. Kifin da ya ci gasar 2020 kilo 78 ya yi. Amma sanin halinsa ya fi sanin girmansa amfani: kifi yake ci. Da aka zuba shi a Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, sai da ya share ɗaruruwan nau'o'in ƙananan kifayen tafkin. Duk wanda ya jefa ɗan giwan ruwa cikin tafkin karfasarsa, ya ajiye kura a garken awaki.

Tsage ba ya ɓuya. Ko bakinsa a rufe, haƙoransa a waje suke, suna shiga tsakanin juna. Jikinsa fari ƙal da layuka a kwance, wutsiya a rabe mai ja-ja.

Bargi ɓawonsa manya ne masu tauri, bakinsa ƙarami, fiffikensa na sama da na ƙasa duk sun koma can baya kusa da wutsiya. Da damina yakan gina sheƙa zagayayyiya da ciyawa a fadama. Masuncin da ya kwashe uwa a kan sheƙa, ya cinye kamun baɗi.

Yauni fiffikensa ɗaya ne tilo a baya, ba na ƙasa, ba na wutsiya, jelarsa siririya kamar ta ɓera. Yana tafiya gaba ya koma da baya jikinsa a miƙe. A 1951 wani masani a Jami'ar Kambirij, Hans Lissmann, ya gano cewa yauni na sakin 'yar wuta mai rauni, da ita yake gane abin da ke kewaye da shi a ruwa mai duhu.

Biyu da suka fita daban

Gaiwa fiffikenta na gefe kamar zare suke, kuma huhu gare ta. In fadama ta ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi watanni har ruwa ya dawo. Mutanenmu sun daɗe suna cewa gaiwa jikinta take ci, kimiyya kuma ta tabbatar: tsokar jikinta take narkarwa a wannan zaman.

Talibambam shi ne mai kumbura kamar ƙwallo in an taɓa shi, haƙoransa huɗu a manne kamar bakin aku. Danginsa sun shahara da dafi a fata da hanta da ƙwai, dafin da wuta ba ta kashe shi. Wannan a bar wa masunta da suka san shi.

To ina shak?

Duk kifayen da na lissafa ƙashi gare su. Akwai wani babban gida na kifaye da jikinsu guringuntsi ne, irin na kunnenka. Nan ne gidan shak ɗin da muke gani a talabijin da TikTok. Mu da teku akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita, amma wannan gida yana da wakili a Arewa: kunaman ruwa, da ke rayuwa a Kwara da Binuwai. Jikinsa shimfiɗaɗɗe kamar faifai, da doguwar jela mai ƙaya mai dafi. Yakan binne kansa a yashi, ya harbi wanda ya taka shi. Masana sun rubuta shi a littafi a 1962 daga Garwa ta Kamaru, amma masuntanmu sun riga su raɗa masa suna. Yau yana cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu.

Bambancinsu mai sauƙi ne. Dukansu ba su da marfin kumatu irin na karfasa, sai tsage-tsagen numfashi a fili. Na shak a gefen wuya suke, biyar zuwa bakwai. Na kunaman ruwa a ƙarƙashin ciki. Fatar shak kuma kaushi gare ta kamar samfefa.

Shak ya haura nau'i 500, amma dabararmu ɗaya ce: siffa, sannan hali. Mai kan guduma idanunsa na can ƙarshen faffaɗan kansa, hagu da dama. Mai zanen damisa hancinsa a daƙushe yake, zanen jikinsa na dusashewa in ya tsufa, kuma ba ya zaɓen abinci, har kunkuru yana fasawa. Farin shak, wanda fina-finan Amurka suka mayar dodo, cikinsa ne fari, bayansa toka-toka, haƙoransa masu kusurwa uku da bakin zarto. Wanda ya fi kowane kifi girma a duniya, mai ɗigo-ɗigon fari a baya, yana wuce mita 12, amma ƙananan halittu yake tacewa daga ruwa, bai damu da mutum ba. Wanda ya kamata a yi hattara da shi shi ne wani gajere kakkaura mai ƙananan idanu, da Turawa ke kamanta shi da bijimi. Shi yana barin teku ya shiga ruwan daɗi. An kama shi a Zambezi, da Kogin Gambiya, da can cikin Amazon. Kun ga girma bai nuna haɗari, kamar yadda 'yar minjirya ta fi ƙaton bargi abin tsoro.

Ga aikin gida

Ranar da ba lakca, ku haɗu ku uku ko huɗu ku je wurin masu kifi. Ku gaishe su da ladabi, ku sayi ko na ɗari biyar ne, sannan ku nemi izinin dubawa. Kowane kifi ku rubuta abu biyar a jere: fiffiken baya ɗaya ne ko biyu, akwai tsoka ko babu, santsi ko ɓawo, gashin baki nawa, haƙora wane iri, wutsiya zagayayyiya ko rababbiya, sai halinsa. Na biyar ɗin a bakin masunta yake. Ku ce, "Baba, wannan da wane lokaci ya fi kamuwa, kuma me yake ci?" Za ku ji abin da ba ya cikin takardun lakca. In banda ce, ku dubi kai da ƙaya, don hayaƙi ba ya cin ƙashi.

Ku ɗauki hoto, ku rubuta sunan Hausa da garin da aka kamo shi, don suna kan sauya daga Zamfara zuwa Yawuri. Mai neman ƙarin ilimi, akwai cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa, kusa da Kainji. Wanda kuma ke shirin kiwo bayan difloma, kada ya ƙirga wa kowa kuɗi sai ya ɗaga gora saitin rana ya ga bayan abin da zai saya.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa albarka a sana'ar da kowa zai kama.